Koyar da Yaro a Gida: Wane Littafi Za a Ɗauka, Kuma da Wane Sauri Za a Tafi?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta barinsu su saurari murya.

Yau za mu yi magana a kan iyayen da suke koyar da 'ya'yansu a gida da kansu, musamman a Amurka inda abin ya fi kafuwa, da yadda suke zaɓen littattafan rubutu da nahawu da lissafi, da yadda suke yanke shawarar saurin da za a yi tafiya. Kafin wani ya ce na zo raba yara da makaranta, bari in share wannan tun yanzu. A Najeriya dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa kowane uba ko mai riƙo nauyin ya tabbatar yaronsa ya yi firamare da ƙaramar sakandare, kuma mu da muke fama da miliyoyin yaran da ba sa zuwa aji ba mu da bakin cewa a ƙara cire wasu. Abin da ya ja hankalina shi ne, waɗannan iyayen na Amurka sun shafe shekaru suna gwaji a kan tambayar da kowace uwa mai zama da ɗanta bayan Magariba da littafin aikin gida take fuskanta: me zan koya masa, kuma yaushe zan wuce gaba?

Ni ma na taɓa shiga wannan rigimar. A 2020 da aka rufe makarantu saboda korona, yayata ta haɗa ni da ɗanta, yana aji huɗu a lokacin. Na je na sayo littafin lissafi na aji huɗu, na raba shafukan a kan kwanaki, na ce shafi biyu kullum. Sati uku muna gudu, ina jin kaina wani babban malami. Ranar nan na ba shi 402 a ɗebe 178, ya rubuta mini 376. Na duba na duba, sai na gano abin da yake yi: a kowane layi yana cire ƙaramar lamba daga babba ne kawai, 2 daga 8, 0 daga 7, 1 daga 4. Amsar 224 ce. Yaron bai san me ake nufi da aro daga gomomi ba, ni kuma na riga na kai shi rabawa mai tsawo. Wallahi kunya ta kama ni, don laifin nawa ne. Na bi lambar da ke bangon littafi, ban duba yaron da ke gabana ba.

To bari mu je can inda abin ya samo asali. A shekarun 1970 wani malami mai suna John Holt ya fara kiran iyaye su koyar da yara a gida, har ya kafa mujalla a kan haka a 1977. An sha shari'a da ja-in-ja, amma zuwa 1993 abin ya halatta a duka jihohi 50 na Amurka, kowace jiha da nata sharuɗɗan. Da iyayen suka yi yawa sai kasuwar manhaja ta buɗe, kamfanoni suka riƙa buga littattafan da uwa za ta iya koyarwa da su ko da ba ta taɓa shiga kwalejin horar da malamai ba. A nan ne muhawarar da za mu yi magana a kai ta taso.

Mu fara da lissafi, don a nan aka fi rabuwa gida biyu.

Gida na farko su ne masu tsarin zagaye. Sunan da ya fi fice a nan shi ne Saxon Math. Wanda ya rubuta shi, John Saxon, tsohon hafsan sojan sama ne da ya koma koyarwa a wata kwaleji a jihar Oklahoma, ya fitar da littafinsa na aljabara a 1981. Tsarinsa shi ne kullum a koya wa yaro abu kaɗan sabo, sannan a ba shi tambayoyi kusan 30 waɗanda yawancinsu daga darussan baya aka haɗo su. Abin da ya koya wata biyu da suka wuce zai ci gaba da bayyana masa har ƙarshen littafi. Hikimar ba sabuwa ba ce. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna da gwaji cewa abin da mutum ya haddace yana zubewa da sauri a kwanakin farko, kuma bitar da aka rarraba a kan lokaci ta fi wadda aka dunƙule a zama ɗaya kama ƙwaƙwalwa. Inda tsarin yake da rauni shi ne, yaron da ke son ya zauna a kan abu ɗaya har ya ga ƙarshensa yakan ji kamar ana ta fizgarsa, yau kusurwa, gobe kuɗi, jibi agogo. Kuma tambaya 30 kullum tana iya gajiyar da yaro mai saurin ɗauka.

Gida na biyu su ne masu cewa sai an ƙware a wuce. Misalinsu na farko shi ne abin da ake kira Singapore Math. Ma'aikatar ilimi ta Singafo ce ta samar da littattafan a farkon shekarun 1980, kuma duniya ta waiwaye su bayan ɗaliban ƙasar sun zo na ɗaya a gwajin lissafi na ƙasa da ƙasa na TIMSS a 1995. Batutuwan kowace shekara kaɗan ne, amma ana nutsawa a cikinsu. Kowane sabon abu yana bin mataki uku da aka ɗauko daga aikin masanin nan Jerome Bruner: yaro ya taɓa abu da hannunsa, sannan ya ga zanensa, sannan a kawo masa alƙaluma.

Bari in ba ku misalin zanen. Yaya da ƙane sun tsinko mangwaro 24, na yayan ya ninka na ƙanen sau biyu, nawa kowa ya samu? Yaro zai zana akwati ɗaya na ƙane, ya zana biyu irinsa na yaya. Akwati uku kenan masu girma ɗaya, jimlarsu 24. Kowane akwati 8. Ƙane yana da 8, yaya 16. Yaron aji uku ya warware abin da a sakandare ake kira aljabara, ba tare da an ambaci wani harafi ba. Raunin wannan tsarin kuma shi ne bitarsa ba ta kai ta Saxon yawa ba, shi ya sa iyaye da dama suke ƙara nasu atisayen a gefe, kuma yana buƙatar mai koyarwar ya fahimci dabarar shi kansa.

Akwai na uku da nake so ku sani saboda abu ɗaya, wato Math-U-See na Steve Demme. Shi bai sa wa littattafansa na firamare lambar aji ba sam. Haruffan Girkanci ya sa musu: Alpha na tarawa da ɗebewa na lamba ɗaiɗai, Beta na manyan lambobi, Gamma na sau, Delta na rabawa, Epsilon na lissafin gutsure irin su rabi da sulusi da kwata, Zeta na ɗigo da kashi cikin ɗari. Ɗan shekara goma zai iya riƙe Beta ba tare da wani ya ce masa ai wannan littafin 'yan aji biyu ne ba. Ku da kuka taɓa koyar da yaro kun san nauyin wannan. Yaro ya fi jin zafin a ce an mayar da shi baya fiye da zafin rashin ganewar.

To wanne ya fi? Kowanne da irin yaron da yake yi wa amfani. Yaron da ke ganewa yau ya manta jibi, tsarin zagaye zai taimake shi. Yaron da ke rikicewa idan an haɗa masa abu biyar a shafi ɗaya, a bar shi ya ƙware a ɗaya tukuna. Sannan akwai tambayar da iyaye ke mantawa su yi wa kansu: ni da zan koyar, minti nawa nake da shi kullum, kuma ni ɗin na gane wannan lissafin? Littafin da sai uwa ta zauna minti arba'in tana jagoranta ba zai yi aiki a gidan da take da goyo da girki da sana'a ba, komai kyansa.

Abu ɗaya da kamfanonin nan uku suka haɗu a kai shi ne gwajin gano mataki. Kafin ka sayi littafi, suna ba da 'yan tambayoyi yaro ya amsa, sakamakon ne zai nuna inda zai fara. Wannan shi ne abin da ban yi wa ɗan yayata ba. Kuma ba 'yan Amurka kaɗai suka gano haka ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta gina tsarin da ake raba yara rukuni-rukuni bisa abin da suka iya karantawa da lissafawa, ba bisa ajinsu ko shekarunsu ba, kuma an kawo wannan tsarin wasu jihohin arewacin Najeriya. Kai ma za ka iya naka gwajin a gida cikin minti goma. Ka sa yaro ya karanta lambobi masu gurbi biyu da uku, ka ba shi tarawa mai ɗauke, ɗebewa mai aro, sau, sannan rabawa. Inda ya fara tuntuɓe, ka koma taki ɗaya baya, daga nan za ku fara.

Yanzu mu zo kan rubutu. A nan kuskuren da aka fi yi shi ne a ajiye wa ɗan shekara bakwai farar takarda a ce rubuta insha'i a kan yadda ka yi hutunka. Yaro ya zauna yana cizon biro, a ce masa malalaci. Susan Wise Bauer, wadda ta rubuta littafin The Well-Trained Mind tare da mahaifiyarta Jessie Wise a 1999, ta yi wani bayani da ya gamsar da ni. A ganinta rubutu aiki biyu ne aka haɗe. Na farko, mutum ya mayar da tunaninsa jimla. Na biyu, ya riƙe jimlar a ka har ya sauke ta a takarda, yana tuna siffar harafi da ƙa'idar rubutu da aya da waƙafi. Babba yana yin biyun lokaci ɗaya ba ya ma lura. Ƙaramin yaro kuwa kowanne kaɗai ya ishe shi kaya.

Don haka a manhajarta ta Writing With Ease sai ta raba su. Akwai ranar kwafi, inda yaro zai kwafi jimla ɗaya ko biyu masu kyau daga littafi, hannu da ido suna aiki, ba a nemi ya ƙirƙiro komai ba. Akwai ranar maido da labari, a karanta masa ɗan guntun labari, a yi masa tambayoyi, ya faɗi abin da ya faru da bakinsa cikin jimla biyu ko uku, babba ya rubuta masa. Daga baya sai shifta ta shigo, a faɗa masa jimla ya riƙe ta a ka ya rubuta. Sai waɗannan sun zauna ake haɗa su, ya faɗi jimlarsa kuma ya rubuta ta da kansa. Ita ma ba ita ta ƙago ba. Malamar nan ta Ingila, Charlotte Mason, wadda ta rasu a 1923, ta gina tarbiyyarta a kan maido da labari da gajerun darussa, minti goma zuwa ashirin ga ƙananan yara, da sharaɗin hankalin yaro yana wurin gaba ɗaya.

Ga yaran da suka ɗan tasa, akwai hanyar cibiyar IEW ta Andrew Pudewa. Yaro zai ɗauki gajeren sakin layi, daga kowace jimla ya zaɓi kalmomi uku mafi muhimmanci ya rubuta, ya rufe littafin, sannan ya sake gina labarin daga kalmomin nan da nasa salon. An cire masa tsoron me zan ce, saura yaya zan faɗe shi.

Duk waɗannan ba sa buƙatar a yi odar littafi daga waje da dala. Ɗauki Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ki karanta wa yaro shafi ɗaya, ki ce ba ni labarin me ya faru. Gobe ya kwafi jimla biyu daga shafin. Jibi ki yi masa shiftar ɗaya daga cikinsu. Yaron da ya iya tsara tunaninsa da harshen da yake mafarki da shi, idan ya zo yi da Turanci kalmomi ne kawai za su rage masa, tsarin tunanin yana nan.

Sai nahawu. A nan ma masu koyarwa a gida sun rabu. Ɓangaren su Jessie Wise suna farawa tun aji ɗaya, da baki, minti kaɗan, yaro ya haddace ma'anar suna da aikatau tun ƙwaƙwalwarsa tana son hadda. Mabiya Charlotte Mason kuma suna jinkirta nahawu na ƙa'ida sai yaro ya kai wajen shekara tara ko goma, suna cewa abu ne na tunani mai zurfi, kuma abin da ɗan shekara shida zai yi shekara uku yana haddacewa ɗan shekara goma zai gane shi a zango ɗaya.

Me bincike ya nuna? A 1963 wani rahoto da Richard Braddock ya jagoranta a Amurka ya duba nazarce-nazarcen da aka yi, ya kammala cewa koyar da nahawu shi kaɗai, a ware daga rubutu, kusan ba ya gyara rubutun ɗalibi. A 2007 rahoton Writing Next na Steve Graham da Dolores Perin, wanda ya duba ɗalibai daga aji huɗu zuwa ƙarshen sakandare, ya sake samun haka, amma ya nuna wani atisaye da ke aiki, wato haɗa jimloli. Misali da Hausa: ka ba yaro jimla uku. Yara sun je kasuwa. Yara sun sayo tumatir. Tumatirin ya ruɓe. Ka ce mayar da su ɗaya. Zai ce, tumatirin da yara suka sayo a kasuwa ya ruɓe. Kun ga yadda "sun" ta koma "suka" da kanta? Daga nan sai ka tambaye shi me ya sa, a nan darasin nahawu ya fara, daga jimlar da shi ya gina. Haka ma ƙa'idojin rubutu. Idan ya rubuta "kafa" yana nufin "ƙafa", ko ya haɗe "shi ne" wuri ɗaya, ka gyara a cikin shiftarsa ta ranar, abu ɗaya ko biyu, kada ka cika takardar da jan biro.

To yanzu batun sauri, wanda shi ne zuciyar shirin. Abu na farko, darussan nan uku ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. Yaro ɗaya zai iya zama a matakin aji biyar a lissafi, aji uku a rubutu, kuma ba wani abin tashin hankali ba ne. Lissafi kamar ginin bulo yake, idan layin ƙasa ya karkace duk abin da aka ɗora zai bi shi, don haka a nan ba a tsallake. Rubutu kuwa yana jiran ƙarfin hannu da yawan abin da yaro ya ji ya karanta, ba a matsa masa da gudu. Nahawu shi ne mai haƙuri, kusan batutuwa ɗaya ake maimaitawa kowace shekara ana ɗan faɗaɗawa, idan lokaci ya ƙure shi za a fara ragewa.

Abu na biyu, a lissafa da sarari. Shekarar karatu a Amurka wajen kwana 180 ce, sati 36. Littattafan Saxon na tsakiya suna da darasi wajen 120, ban da gwaje-gwaje. Ma'ana an bar kwanaki masu yawa na gwaji da komawa baya da rashin lafiya. Ni kuwa da na raba shafuka a kan kwanaki ban bar ko rana ɗaya ba, shi ya sa duk ranar da yaron bai gane ba sai in ga kamar mun makara, sai in wuce. Idan za ku tsara, ku yi kwana huɗu na sabon darasi, rana ta biyar ta bita da wasan lissafi. Ku sa azumi da Sallah da zazzaɓin damina a lissafi tun farko.

Abu na uku, ku auna da agogo maimakon shafi. Minti ashirin na lissafi ga ɗan shekara bakwai, inda aka tsaya gobe a ɗora. Kuma ku sa wa kanku ma'aunin wucewa. Iyaye da yawa masu amfani da Saxon suna bin kashi 80 cikin ɗari, idan yaro ya faɗi ƙasa da haka a gwaji sai a koma baya wasu darussa. Nawa ma'aunin mai sauƙi ne: ya yi shi daidai ba tare da na sa baki ba, ya iya bayyana mini dalili, kuma bayan sati ɗaya yana nan bai zube ba.

In kun lura, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A makarantar allo almajirai talatin suna zaune wuri ɗaya, kowa da inda yake, kuma malam ba ya cewa a wanke allo sai karatun ya zauna, ga kuma tishi na abin da aka wuce. Ƙwarewa kafin wucewa da bita mai zagayowa duk suna nan a tsakar gidanmu, kawai ba mu saba kawo su kan lissafin boko ba.

Abu na ƙarshe, kada a yi ta sauya littafi. Masu koyarwa a gida a Amurka suna yawan gargaɗin junansu a kan wannan, saboda kowace manhaja da jerin da take bi, wannan ta koyar da gutsure a aji uku, waccan sai aji biyar, mai tsalle tsakaninsu yana barin ramuka. Idan yaro yana kuka a kan darasi, a fara duba ko matakin ya yi masa sama, ko zaman ya yi tsawo, ko yunwa ce da barci. A ba littafi aƙalla zango guda kafin a yanke masa hukunci. Ga mu nan gida kuma, tunda yaranmu za su zauna jarrabawar shiga sakandare, manhajar hukumar NERDC ita ce taswirar inda ake so su kai, aikin gida shi ne cike ramukan da ke hana su kaiwa.

Ɗan yayata kuwa, mun ajiye littafin aji huɗun. Na samo tsinken tsintsiya muka ɗaure su goma-goma da kyauro, goma goma ɗin kuma muka haɗa su ɗari. Duk lokacin da zai yi aro sai ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa. Kusan sati biyu muka yi a kan wannan kaɗai, yayata tana ta tambaya ko wasa muke yi. Da muka koma kan rabawa, abin da ya gagare mu a baya ya wuce cikin 'yan kwanaki.

Aikin da zan bar mana a wannan makon, musamman mu matasa da muka yi karatu muna zaune da ƙanne da 'ya'yan yayye a gida: ka samu yaro ɗaya, ka ba shi 402 a ɗebe 178, ka karanta masa ɗan labari ka ce ya maido maka. Kada ka yi faɗa, kada ka gyara a ranar, ka dai lura da inda ya tsaya. Ku rubuto mana abin da kuka gani a ƙasan wannan rubutun, za mu karanta wasu a shiri na gaba in sha Allahu.

Allah Ya yi wa yaranmu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani.